Gyaran Kurakuran Sarrafa Wutar Na'urori a Jigon Linux

Sarrafa wutar na'urori aiki ne da jigon babbar manhaja ke yi na rage wa wani ɓangaren kwamfuta wuta, ko yanke masa ita gaba ɗaya, a lokacin da ba a bukatarsa, sannan ya mayar masa da ita idan bukata ta taso. Jigo, wanda masu sana'ar ke kira kanel, shi ne ɓangaren manhaja da ke tsakanin ƙarfen kwamfuta da sauran manhajojin da mutum ke amfani da su. Na'ura a nan tana nufin kowane ɓangare mai aikin kansa a cikin kwamfuta ko waya: katin Wi-Fi, faifan ajiya, katin sauti, kyamara, mashigar USB da makamantansu. Kowace tana da direba, wato ƙaramar manhajar da ta san yadda ake magana da ita.

Kurakuran wannan fanni su ne ke sa kwamfutar tafi-da-gidanka ta ƙi farkawa bayan an rufe murfinta, ko ta farka babu sauti, ko batir ya ƙare a cikin jaka alhali ana zaton tana barci. Gyaransu sau da yawa layi biyu ne ko uku. Wahalar tana wajen gano wurin da za a sa layukan, domin kuskuren yakan auku ne daidai lokacin da sikirin ke kashe, faifan ajiya ya kwanta, kwamfutar kuma ba ta da hanyar faɗin abin da ya same ta. Jigon Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, shi ne misalin da aka fi sanin cikinsa, saboda rubutunsa da tarihin gyare-gyarensa a buɗe suke, kuma shi ne ke cikin wayoyin Android.

Asali

A 1992 kamfanonin Intel da Microsoft suka fitar da ƙa'idar APM, wadda ta bar shawarar kashewa da kunnawa a hannun BIOS, wato manhajar da masana'anta ke dasawa a jikin babban allon kwamfuta. A ƙarshen 1996 Intel da Microsoft da Toshiba suka fito da ACPI, wadda ta mayar da shawarar hannun babbar manhaja. Ba ta cire masana'anta daga lissafi ba: BIOS na miƙa wa jigo wasu jadawalai masu bayyana na'urorin da ke kan allo, tare da umarni a wani yare mai suna AML da jigo zai bi idan zai kunna su ko kashe su. Tun 2013 kula da ACPI ya koma hannun ƙungiyar UEFI Forum.

ACPI ta raba yanayin kwamfuta zuwa matakai. S0 shi ne aiki. S3 barci ne da ake barin wuta ga RAM kaɗai, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, da abin da zai tayar da kwamfutar. S4 dogon barci ne da ake kwashe abin da ke RAM a rubuta a faifai. S5 kashewa ce. Na'urori kuma suna da nasu matakan, daga D0, cikakken aiki, zuwa D3. Shi D3 iri biyu ne: D3hot, inda na'ura ke da ɗan abin da zai sa ta amsa kira, da D3cold, inda aka yanke babbar wutarta. A wayoyi da ƙananan alluna masu furosesar ARM, galibi ba ACPI ake amfani da ita ba. Wani kundin bayani ne ke gaya wa jigo wace na'ura ke shan wuta daga ina, direbobi kuma su kashe agogo da masu daidaita wuta da kansu.

A Linux, Rafael Wysocki ne ya daɗe yana kula da sashen sarrafa wuta da na ACPI. Tsarin da ke kwantar da na'ura ɗaya alhali sauran kwamfuta na aiki ya shiga jigon a siga ta 2.6.32, a Disamba 2009. A daidai wannan zamani aka yi doguwar muhawara kan dabarar Android ta barin waya ta yi barci da zarar babu mai riƙe da ita a farke, har aka shigar da wata siga ta dabarar cikin jigon a 3.5, a 2012.

Yadda jigo ke kwantar da na'ura

Hanyoyi biyu ne, kuma yawancin kurakurai na fitowa ne daga ɗayansu ko daga inda suka haɗu.

Ta farko ita ce barcin kwamfuta baki ɗaya. Jigo na fara daskarar da manhajojin mai amfani, yana ba su daƙiƙa 20 su tsaya. Idan wata ta ƙi, a fasa barcin. Daga nan sai ya bi na'urori ɗaya bayan ɗaya a zagaye huɗu, yana kiran ayyukan da kowane direba ya tanada: prepare, suspend, suspend_late, suspend_noirq. A zagaye na ƙarshe an riga an hana direbobi karɓar siginar katsewa, wato kiran da na'ura ke yi wa furosesa idan tana da saƙo. Wajen farkawa ana warware komai a juye: resume_noirq, resume_early, resume, complete. Na'urori a jigo jere suke kamar zuriya, kowace da uwarta: linzamin USB ɗa ne ga mashigar USB, ita kuma 'ya ce ga hanyar PCI. Doka ita ce 'ya'ya su kwanta kafin uwa, uwa ta tashi kafin 'ya'ya.

Ta biyu ita ce kwantar da na'ura guda ana cikin aiki. Kowace na'ura tana da lissafin masu amfani da ita. Duk wanda zai taɓa ta sai ya ƙara ɗaya a lissafin, wanda hakan ke tayar da ita idan tana barci. Idan ya gama sai ya rage ɗaya. Da zarar lissafin ya koma sifili, kuma 'ya'yanta duk sun kwanta, jigo na iya kwantar da ita, kamar ɗakin taro da wanda ya fita ƙarshe ke kashe fitila. Don kada a yi ta kashewa da kunnawa a banza, akan sa ɗan jinkiri; wanda aka saba sa wa na'urorin USB daƙiƙa 2 ne. A cikin kundin kowace na'ura akwai fayil mai suna power/control, wanda idan aka rubuta masa on na'urar ba za ta kwanta ba, idan aka rubuta auto kuma a bar wa jigo shawara.

Ire-iren kurakurai

Na farko shi ne kuskuren lissafi, wanda ke yawan aukuwa. Idan direba ya ƙara ɗaya ya manta bai rage ba, na'urar ba za ta sake barci ba har a kashe kwamfutar. Babu abin da zai lalace a zahiri, batir ne kawai zai riƙa saurin ƙarewa. Idan kuwa ya rage fiye da yadda ya ƙara, za a yanke wa na'ura wuta ana tsakiyar amfani da ita. Sanannen tarko shi ne aikin pm_runtime_get_sync, wanda ke ƙara ɗaya a lissafi ko da tayar da na'urar bai yi nasara ba. Masu rubuta direbobi da dama sun ɗauka cewa tunda kiran ya faɗi babu abin da za a mayar, sai suka fice ba su rage ba. Yawan maimaituwar wannan ya sa a ƙarshen 2020 aka ƙara wani aiki, pm_runtime_resume_and_get, wanda ke rage lissafin da kansa idan an samu matsala.

Na biyu shi ne taɓa na'urar da ke barci. A hanyar PCI, idan aka karanta rajista, wato ɗan gurbin da na'ura ke ajiye saitinta da saƙonninta, daga na'urar da ba ta da wuta, amsar da ke dawowa ita ce 0xFFFFFFFF, wato duk lambobin sun zama ɗaya. Direban da bai lura ba zai ɗauki wannan a matsayin saƙo na gaske, ya ga kamar duk tutocin matsala sun tashi lokaci guda. A alluna masu ARM abin ya fi muni, domin taɓa ɓangaren da aka kashe wa agogo na iya sandarar da kwamfutar nan take.

Na uku kuskuren jeri ne. Zuriyar uwa da 'ya'ya ba ta nuna kowace dangantaka ba. Kyamara na iya dogara da wani ɓangare mai ba ta wuta ko mai kula da ƙwaƙwalwarta wanda ba uwarta ba ne. Muddin jigo na bin na'urori a layi ɗaya, sa'a kan rufa wa irin wannan asiri. Da aka fara kwantar da na'urori da tayar da su a tare don rage lokaci, tun siga ta 2.6.34 a 2010, ɓoyayyun dogaro suka riƙa bayyana. A siga ta 4.10, a 2017, aka kawo hanyar da direba zai ɗaura alaƙa a fili tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, jigo kuma ya kiyaye jerin.

Na huɗu mantuwa ce. Na'urar da ta shiga D3cold takan manta duk saitin da aka yi mata, don haka dole direba ya ajiye shi kafin barci ya mayar bayan farkawa. Rajista ɗaya da aka tsallake ta isa ta sa lasifika ta yi shiru ko madannai su daina amsawa. Kusa da wannan akwai gaggawa: ƙa'idar PCI ta ce a jira milisakan 10 bayan an dawo da na'ura daga D3hot kafin a yi mata magana, a PCI Express kuma milisakan 100 bayan an sake kunna ta daga tushe. Wasu na'urori sukan bukaci fiye da abin da ƙa'ida ta tanada.

Na biyar shi ne rige-rige da cirko-cirko. Rige-rige na faruwa idan saƙo ya iso daidai lokacin da na'ura ke kan hanyar kwanciya, aiki biyu suka taɓa abu ɗaya ba tare da makulli ba. Cirko-cirko kuma shi ne kowane ɓangare ya tsaya jiran ɗan'uwansa. Misali, direban faifai yana tayar da faifan, sai ya nemi gurbi a RAM. Jigo ya ga RAM ta cika, sai ya nemi ya zubar da wasu bayanai a faifan da ake kan tayarwa. Saboda haka ne jigo ke hana neman gurbin da zai taɓa faifai a irin waɗannan wurare.

Na shida kuskuren farkawa ne, ta fuska biyu: kwamfuta ta farka da kanta daƙiƙa kaɗan bayan ta kwanta saboda wata na'ura na aika sigina ba dalili, ko kuma a danna madanni ta ƙi tashi saboda ba a bar wa siginar hanya ba.

Na ƙarshe ba laifin jigo ba ne. Jadawalan ACPI na masana'anta kan zo da kuskure, kuma akasari da Windows kaɗai ake gwada su. Wannan ne ya sa idan BIOS ta tambayi jigon Linux ta hanyar _OSI wace babbar manhaja ce ke aiki, yakan amsa da sunayen sigogin Windows, domin ya bi hanyar da aka gwada. Tun 2007 ya daina amsa sunan Linux sai idan an umarce shi.

Hanyoyin bincike

Mai bincike kan fara da rage fili. Idan ana zargin kwantar da na'ura guda, rubuta on a power/control na nuna nan da nan ko matsalar daga can take. Idan barcin kwamfuta ne, akwai fayil /sys/power/pm_test mai matakai biyar: freezer, devices, platform, processors, core. Kowane mataki na kai kwamfuta wani zango a hanyar barci, ya jira daƙiƙa 5, ya dawo da ita ba tare da ta yi barcin gaske ba. Idan freezer ya wuce lafiya amma devices ya sandare, an san direba ne. Sai a riƙa cire direbobi rabi-rabi ana maimaitawa har a ware mai laifin. Idan duk matakan biyar suka wuce amma barcin gaske ya ƙi, zargi ya koma kan BIOS.

Saƙonnin jigo, waɗanda ake karantawa da umarnin dmesg, su ne shaida ta farko, amma sukan ɓace idan kwamfuta ta mutu ba ta rubuta su a faifai ba. Zaɓin no_console_suspend na barin tagar saƙonni a buɗe lokacin barci, kuma wanda ke da wayar siriyal zai iya karanta su a wata kwamfutar. Inda babu wannan, akwai dabarar pm_trace. Kafin jigo ya taɓa kowace na'ura, yana rubuta wata lamba mai wakiltarta a cikin agogon babban allo, wanda ƙaramin batir ke riƙe da shi, domin shi ne wurin da ke tsira idan an kashe kwamfuta da ƙarfi. Idan aka sake kunnawa cikin 'yan mintuna, jigo zai karanta lambar ya faɗi na'urar da ya tsaya a kanta. Farashin dabarar shi ne kwanan wata da lokaci su rikice, sai an sake saita su.

Kuskuren da ke zuwa sau ɗaya cikin ɗari yana bukatar maimaici. Umarnin rtcwake na kwantar da kwamfuta ya tayar da ita bayan ƙayyadadden lokaci, don haka ana iya barin ta kwana tana yi. Manhajar sleepgraph ta Intel na zana yawan lokacin da kowace na'ura ta ci a kowane zagaye. PowerTOP, wadda Arjan van de Ven ya fitar a 2007, na nuna abin da ke hana furosesa hutawa da na'urorin da ba sa kwanciya. Don makullai akwai lockdep, wanda ke gano jerin kulle mai haɗari tun kafin a yi cirko-cirkon. Don jadawalan ACPI kuma ana kwafo su da acpidump a warware su da iasl a karanta abin da masana'anta ta rubuta.

Idan abu na aiki a tsohuwar siga ya lalace a sabuwa, ana kiransa koma-baya, kuma maganinsa git bisect. Kowace sigar Linux na ɗauke da canje-canje sama da 10,000. Ana gina jigo daga tsakiyar jerin, a gwada, a yar da rabin da ba shi da laifi, a sake. Gwaji 13 ko 14 kan isa a kai ga canji ɗaya tak.

Siffofin gyara

Facin da ke fitowa bayan wannan bincike, wato rubutaccen gyaran, yakan ɗauki ɗaya daga cikin siffofi kaɗan: ƙara ragin lissafi a hanyar fita da aka manta, matsar da aiki daga wani zagaye zuwa wani, ɗaura alaƙa tsakanin na'urori biyu, ajiye rajistar da aka tsallake, ko tsawaita jira. Idan laifin na ƙarfen ne ko na BIOS, ana sa na'urar a jerin keɓantattu, inda jigo ke gane ta da lambar masana'anta da lambar samfuri, ko da sunan allon, ya bi da ita ta wata hanya dabam, misali ya hana ta shiga barci mafi zurfi. Masu kula da jigo sun fi son a gano tushen matsala, domin jerin keɓantattu na tsawo kowace shekara kuma ba ya kare samfurin da ba a kawo ƙararsa ba. Idan gyara ya ƙi samuwa da wuri, ana janye canjin da ya jawo koma-bayan, bisa dokar Torvalds cewa sabon jigo ba zai ɓata abin da ke yi wa mutane aiki ba.

Fitattun misalai

A siga ta 2.6.38, wadda ta fito a Maris 2011, kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa suka fara shan wuta fiye da da. Tushen shi ne ASPM, dabarar da ke rage wutar layin PCI Express idan babu zirga-zirga. Wani canji ya sa jigo ya kashe ASPM a duk inda BIOS ta ce ba ta goyon bayansa, alhali BIOS da yawa sun faɗi haka bayan sun riga sun kunna shi da kansu. Masu amfani suka riƙa tilasta shi da zaɓin pcie_aspm=force. A Nuwamba 2011 Matthew Garrett ya kawo gyaran da ya ce a irin wannan hali jigo ya bar saitin yadda ya same shi.

A siga ta 4.11, a 2017, Andy Lutomirski ya ƙara wa direban faifan NVMe dabarar APST, wadda ke barin faifai ya shiga barci da kansa. Ta rage shan wuta sosai, amma wasu faifai a kan wasu alluna sukan shiga mataki mafi zurfi su kasa fitowa, kwamfuta ta rasa faifanta tana cikin aiki. Aka magance da jerin keɓantattu, tare da zaɓin nvme_core.default_ps_max_latency_us=0 ga mai son kashe dabarar.

A 2022 wani injiniyan AMD, K Prateek Nayak, ya gano cewa wani ɗan jira da aka sa tun 2002 don kauce wa matsalar tsofaffin alluna yana rage wa sababbin furosesoshin AMD sauri. Jiran na sa jigo ya zaci furosesa ta huta fiye da yadda ta yi, sai ya riƙa tura ta hutu mai zurfi da bai dace ba. Facin Dave Hansen ya taƙaita jiran ga furosesoshin Intel, ya shiga siga ta 6.0 a Oktoba 2022.

Daga faci zuwa mai amfani

Faci kan zo da bayanin alamar matsala da dalilinta, da layin Fixes: mai ɗauke da aƙalla haruffa 12 na farkon lambar canjin da ya jawo ta, da sa hannun marubuci. Mai kula da direban ko sashen ne ke dubawa ya miƙa wa Torvalds. Sabuwar siga na fitowa duk mako 9 zuwa 10: mako biyu na karɓar sababbin abubuwa, sauran na gyara. Bayan faci ya shiga babban reshen jigo ne ake mayar da shi tsofaffin sigogi masu ɗorewa, waɗanda Greg Kroah-Hartman da Sasha Levin ke kula da su, daga nan kamfanoni da masu rarraba Linux su ɗauka. Layin Fixes: ne ke nuna musu sigogin da ke bukatarsa.

Halin da ake ciki

Sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa sun bar S3 sun koma barcin da ake yi a cikin S0, wanda Linux ke kira s2idle, kuma ya shiga jigon tun siga ta 3.9 a 2013. A wannan tsari BIOS ba ta yanke wuta a madadin kowa. Furosesa ba ta kaiwa hutu mafi zurfi sai kowace na'ura ta kwanta da kanta. Na'ura ɗaya da ta ƙi kwanciya ta isa ta cinye batir cikin dare, abin da a zamanin S3 ba zai bayyana ba. Hakan ya ƙara nauyi a kan direbobi, ya kuma sa masu kula da jigo suka karkata ga rigakafi: ayyukan taimako da ke mayar da lissafi da kansu idan an cire direba, dabarun rubutu irin su pm_sleep_ptr da ke sa a riƙa tantance rubutun barci a kowane gini ko da ba za a yi amfani da shi ba, da ɗakunan gwaji da ke kwantar da kwamfutoci su tayar da su akai-akai kafin sabuwar siga ta fito. Duk da haka haɗuwar allo da BIOS da na'ura ta fi ƙarfin kowane ɗakin gwaji, shi ya sa rahoton mai amfani da ya zo da saƙonnin dmesg da sakamakon git bisect ke cikin manyan hanyoyin da ake gano waɗannan kurakurai.